Yadda Ake Shawo Kan Tagar Rufin Mota Idan Ta Ƙi Rufuwa

Idan tagar rufin mota ta tsaya a buɗe, aiki biyu ne ke gaban mai motar, kuma bai kamata a cakuɗa su ba. Na farko shi ne a samu gilashin ya rufe kafin ruwan sama ko ƙura su cika motar, na biyu kuwa shi ne a gano abin da ya hana shi rufuwa a gyara. Ɓarna mafi muni da ake yi wa wannan taga tana aukuwa ne a 'yan mintunan farko, lokacin da mutum ya ɗora tafin hannu yana tura gilashin da ƙarfin tsiya, ko ya danne maɓalli yana ta maimaitawa alhali injin tagar yana kukan wahala. Matsalar da tsumma da ɗan giris za su iya warwarewa sai ta koma karayar ƙarfe da tsinkewar kebul. Saboda haka ƙa'idar da za a riƙe tun daga farko har ƙarshe ita ce, duk inda gilashin ya cije, a tsaya a bincika, kada a tilasta masa.

Yadda tagar take aiki

A motocin zamani akwai wani ƙaramin injin lantarki mai aiki da volt 12 da aka ɓoye a cikin silin, galibi a gaba kusa da fitilar ciki, ko da yake a wasu motocin yana can bayan tagar. A bakin injin akwai 'yar giya mai haƙora, wadda ke tura kebul guda biyu masu lanƙwasuwa, waɗanda aka naɗe jikinsu da waya domin haƙoran su sami abin kamawa. Gilashin yana zamewa ne a kan layuka biyu; kebul ɗaya yana bin layin dama, ɗaya yana bin na hagu, kuma kowannensu yana haɗe da wasu 'yan hannuwa da takalma na filastik ko na ƙarfe marar nauyi, waɗanda ke ɗaga bayan gilashin, su sauke shi, su ja shi ciki. Dole ne ɓangarorin biyu su yi tafiya daidai da juna, domin da zarar ɗaya ya riga ɗaya ko da haƙori guda ne, gilashin zai karkace ya cije.

Ban da wannan, akwai 'yar na'ura mai ƙwaƙwalwa da ke ƙirga juyin injin, ta haka take sanin inda gilashin yake, kuma ita ce ke lura da nauyin da injin yake ja. Idan ta ji nauyin ya ƙaru kwatsam yayin rufewa, sai ta ɗauka hannun mutum ko kan yaro ne ya shiga tsakani, ta tsayar da gilashin ta mayar da shi baya. Wannan tsaro ne mai ceton rai, amma shi ne kuma dalilin da ya sa tagar da ba ta da wata babbar cuta take ƙin rufuwa, domin na'urar ba ta iya bambanta yatsa da busasshen giris ko tsakuwa.

A fara da saurare

A ajiye motar a wuri mai lebur, a ja birkin hannu, a kashe rediyo da fanka, sannan a murza makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa. Ya fi kyau ma a tayar da injin motar idan ana a fili, domin batir mai rauni yana iya kunna fitilu amma ya kasa jan gilashi mai nauyi. Daga nan a danna maɓallin rufewa sau ɗaya, a kasa kunne kusa da silin.

Abin da aka ji shi ne zai nuna hanyar da za a bi. Idan shiru ne sam, babu ko ƙwas, to matsalar ta lantarki ce, wato fiyus ko maɓalli ko waya ko injin kansa. Idan gilashin ya taso ya yi gaba, ya kai wani wuri ya komo da baya, to wani abu ne ke tare shi, ko kuma na'urar ta manta matsayinsa. Idan an ji injin yana gunji a hankali ba tare da motsi ba, to ya sami wuta amma an riƙe shi. Idan kuwa yana juyawa da sauri a sake, ko yana ƙarar ƙas-ƙas kamar haƙora na tsallake juna, to giya ta cinye ko kebul ya lalace, kuma a nan wajibi ne a ɗauke hannu daga maɓallin nan take, domin kowane ƙarin juyi ƙarin ɓarna ne.

Akwai wani abu ƙarami da ke ruɗa mutane. Injin tagar yana da kariya daga zafi, kuma idan aka yi ta buɗewa da rufewa a jere yana iya ɗauke kansa na ɗan lokaci. Wanda ya riga ya sha danna maɓalli ya bar shi ya huce na minti 10 zuwa 15 kafin ya yanke hukuncin cewa ya mutu.

Idan shiru aka ji

Fiyus ne abin dubawa na farko, domin shi ne mafi sauƙi. Littafin motar da zanen da ke jikin murfin akwatin fiyus suna nuna wanda ke kula da tagar rufi, kuma yawanci ƙarfinsa tsakanin amfiya 20 ne zuwa 30. A kashe makulli, a zare shi, a ɗaga shi wajen haske a duba siririn ƙarfen da ke cikinsa. Idan ya tsinke, a sa wani mai lamba iri ɗaya. Kada a sa wanda ya fi shi ƙarfi, kada kuma a naɗa waya a madadinsa, domin wayoyin tagar suna bi ta cikin silin ne, tsakanin soso da yadi, inda zafin waya ke iya zama gobara. Idan sabon fiyus ɗin ya sake ƙonewa da zarar an taɓa maɓalli, kada a sa na uku. Wannan alama ce cewa wata waya ta goge tana taɓa jikin mota, ko kuma injin ya cije yana jan wutar da ta wuce kima.

Idan fiyus lafiya yake, a koma ga batir. Mitar awon lantarki za ta nuna kusan volt 12.6 a batir mai cikakken caji idan injin mota a kashe yake, ta kuma nuna tsakanin 13.5 da 14.5 idan yana aiki. Bayan haka sai maɓallin. Alamar da ta fi tona asirinsa ita ce tagar tana amsa umarnin buɗewa da na ɗagawa, amma ba ta amsa na rufewa, domin kowane ɓangare yana da nasa mahaɗin a ciki, kuma ɗaya yana iya yin datti ko ya cinye ya bar sauran. Wasu motoci, musamman ƙirar Turai irin su Volkswagen da BMW da Mercedes-Benz, suna rufe tagogi da rufin gaba ɗaya idan aka riƙe makulli a ƙofar direba a wajen kullewa, ko aka danne maɓallin kullewa na rimot. Idan tagar ta rufe ta wannan hanya, an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: motar ta rufu, an kuma tabbatar cewa injin da fiyus lafiyarsu lau, laifin na maɓalli ne.

Domin a isa ga maɓallin da injin, ana cire murfin fitilar silin da wani abu mai faɗi na filastik, ba da sukundireba tsirara ba, saboda kada a ƙwarzane shi. A zare soket ɗin, a duba ko akwai koren tsatsa ko alamar ruwa, a fesa masa maganin wanke mahaɗan lantarki, a mayar da shi har a ji ya kama. Idan mita ta nuna wuta tana isa soket ɗin injin, layin da ke komawa jikin mota kuma yana da kyau, amma injin bai motsa ba, to zargi ya koma kan injin ko na'urar da ke haɗe da shi. A sababbin motoci maɓallin saƙo kawai yake aika wa na'urar, saboda haka bai dace a jona wa injin wuta kai tsaye daga batir ba sai da zanen wayoyin motar a hannu, in ba haka ba a ƙone na'urar. Wannan wuri ne da ya fi dacewa a miƙa aikin ga mai gyaran wayarin mota.

Idan gilashin yana tafiya yana komowa

A nan ne ya kamata a ba da lokaci sosai, domin wannan ita ce matsalar da mai mota zai iya gamawa da hannunsa. A buɗe tagar iyakar yadda za ta buɗu, a kashe makulli a zare shi, sannan a leƙa layukan biyu da tocila daga sama. Abin da ake nema shi ne busassun ganye, 'yan tsakuwa, yashi, ɓaraguzan filastik, da tsohon giris da ya haɗu da ƙura ya daskare ya zama baƙin laka. A lura da daidai inda gilashin ke tsayawa, domin abin da ke tare shi yana ɗan gaba da wurin ne. A duba kuma abin kare iska, wato sandar da ke tasowa a bakin gaba idan an buɗe tagar. Gilashin ne ke danne ta yayin da yake rufewa, kuma idan hannunta ya lanƙwashe ko sifirin ɗinta ya fita, ba za ta kwanta ba, sai ta tokare shi saura ƙiris ya kai. A danna ta da yatsa a ga ko tana sauka tana tasowa a sauƙaƙe ta ɓangarorin biyu.

A fara da zuƙe dattin da injin shara, domin hura iska tana tura shi ne cikin bututun kebul da magudanan ruwa. Sannan a goge layukan da tsohon buroshin haƙori da tsumma mai ɗan jiƙe da sinadarin cire maiƙo marar kaifi, a yi ta sauya gefen tsumman har ya daina fitowa baƙi. Idan wuri ya bushe, a shafa giris kaɗan, siririn shafi kawai, a wuraren da takalman ke gogawa. Giris na silikon ko farin giris na litiyam shi ne aka saba amfani da shi, sai dai idan littafin motar ya ambaci wani na musamman, to shi za a bi. Baƙin mai da giris mai kauri na ƙafar mota ba su dace ba, domin suna tara ƙura, kuma man da aka samo daga fetur yana kumbura roba. Feshin sassauta tsatsa irin WD-40 yana taimakawa wajen narkar da tsohon datti, amma ba ya daɗewa, saboda haka ba zai maye gurbin giris ba. Robar da ta kewaye gilashin ita ma a wanke ta da ruwan sabulu, a shafa mata man silikon na roba, domin busasshiyar roba tana riƙe gilashi har na'urar ta ɗauka an tare shi.

Idan aka tsinci gutsuren filastik mai siffa, wanda da gani ka san daga jikin wani abu ya ɓalle, kada a jefar da shi. Shaida ce cewa takalmi ko hannun ɗagawa ya karye, kuma zai taimaka wa makaniki ya gane ɓangaren da za a nema.

Motoci da yawa suna ba da damar ƙetare tsaron na ɗan lokaci: idan gilashin ya komo, aka sake danna maɓallin rufewa cikin 'yan daƙiƙu aka riƙe shi, zai rufe ba tare da komowa ba. Ba a yin wannan sai bayan an tabbatar layukan fes suke, babu hannu ko kan kowa a wurin, kuma yara suna nesa, domin a wannan yanayi gilashin ba zai tsaya wa komai ba.

Sake koya wa na'urar matsayin gilashi

Idan matsalar ta fara ne bayan an cire batir, ko an sauya shi, ko ya mutu an tayar da motar da na wata, to akwai yiwuwar na'urar ta manta inda rufewa take. Alamarta ita ce dannawa ɗaya ba ta ƙara kai gilashin har ƙarshe, ko yana tafiya guntu-guntu, ko ya wuce wurin rufewa ya ɗaga baya. Tsarin ya bambanta daga mota zuwa mota, kuma littafin motar ne ke da magana ta ƙarshe, amma ginshiƙinsa kusan ɗaya ne. Ana kunna makulli, a kai gilashin matsayin ɗaga baya ko na rufewa, a saki maɓallin, sannan a sake danne shi a riƙe na daƙiƙa 10 zuwa 30 har gilashin ya ɗan motsa ko a ji ƙaramar ƙara. A wasu motocin, ci gaba da riƙewa yana sa gilashin ya buɗe gaba ɗaya ya dawo ya rufe da kansa, kuma idan aka saki maɓallin a tsakiyar wannan zagaye sai an sake daga farko. Wajibi ne a yi wannan bayan wankewa da shafa giris, ba kafinsu ba, domin na'urar tana koyon nauyin da ta tarar ne, kuma idan ta koya a kan layi mai datti to ta koyi kuskure.

Rufewa da hannu

Idan injin ya mutu ko wuta ba ta isa gare shi, motoci da dama suna da hanyar gaggawa. Bayan an cire murfin fitilar silin, ko wani ɗan murfi a jikin silin, za a ga rami mai kusurwa shida a tsakiyar giyar injin. Alanki, wato ɗan sandan ƙarfe mai kusurwa shida da ake murza sukurori da shi, mai milimita 4 ne ya fi shiga, wasu kuma 5, wasu motocin tsaga ce ta sukundireba, kuma akan sami alankin a cikin kayan aikin da suka zo da motar. A kashe makulli, a zare fiyus ɗin tagar ko soket ɗin injin, domin kada ya tashi kwatsam ya fizge hannu. A tura alankin har ƙarshe, saboda a wasu injinan turawar ce ke raba giya da injin, kuma alankin da bai zauna sosai ba yana cinye bakin ramin.

A juya kaɗan a ga inda gilashin ya nufa, sannan a ci gaba a hankali. Aikin yana buƙatar juyi mai yawa, kuma nauyinsa ya kamata ya kasance iri ɗaya tun daga farko. Yana da kyau wani ya tsaya a waje yana kallon gefen dama da na hagu. Idan ɗaya yana tafiya ɗaya na tsaye, ko alankin ya yi tauri farat ɗaya, a dakata a koma baya kaɗan a duba. A tsaya da zarar gilashin ya zauna daidai da rufin motar, domin ci gaba da juyawa zai fara ɗaga bayansa. Bayan rufewa da hannu na'urar ba ta san inda gilashin yake ba, saboda haka ko dai a sake koya mata, ko a bar fiyus ɗin a cire har ranar gyara, wanda shi ne ya fi hikima idan ba a gano musabbabin ba, domin kada wani ya taɓa maɓalli a koma gidan jiya.

Idan kebul ko hannu ya karye

Gilashin da ya karkace, gefe ɗaya a gaba ɗaya a baya, yana nuna kebul ɗaya ya tsinke ko ya tsallake haƙora. A irin wannan hali ko alanki ba zai rufe shi daidai ba. Abin da makanikai ke yi shi ne su kwance injin, wanda sukurori biyu ko uku ne ke riƙe shi, domin kebul ɗin su saki, sannan mutum biyu su tura gilashin gaba a tare, hannu ɗaya a kowane gefe kusa da layi, ba a tsakiya ba. Gilashin rufi galibi irin wanda aka gasa ne, wanda ke jure nauyi a fuskarsa amma yake tarwatsewa gaba ɗaya idan aka matse gefensa da ƙarfe, saboda haka ba a sa sukundireba a ɓanɓare shi. Kada kuma a kunna injin yana waje, domin matsayinsa zai saɓa da na kebul ɗin.

Gyara na dindindin yana buƙatar cire gilashin, wani lokaci ma a sauke silin da dukan firam ɗin tagar. A gefen silin na motoci masu yawa akwai jakunkunan iska na kariya, don haka ana cire wayar batir ta ɓangaren da ke haɗe da jikin mota, a jira lokacin da littafin gyara ya ƙayyade kafin a taɓa wurin. A ganina, wanda bai taɓa sauke silin ba bai kamata ya fara koyo a kan wannan aiki ba, balle a rufin gilashi mai faɗi wanda ya mamaye saman motar, mai nauyi da injina fiye da ɗaya. Idan za a sauya kebul ko takalma, a sauya na ɓangarorin biyu tare, domin shekarunsu ɗaya, kuma wanda ya rage ya riga ya sha nauyin da ɗan'uwansa ya bari.

Idan dare ya yi ba a samu rufewa ba, a goge kewayen tagar ya bushe, a shimfiɗa leda mai kauri wadda ta zarce ramin ta kowane gefe, a manne ta da tef ɗin masu fenti, wanda ba ya ɓata launin mota. A fara manne gefen baya da na gefuna, a ƙare da na gaba a samansu domin iska da ruwa su bi ta kai su wuce. Wannan na ajiye mota ne da tafiya a hankali zuwa gareji, ba na gudu a babbar hanya ba.

Bayan ta rufe

Kafin a cire gilashi ana zana alama a kewayen sukurorin da ke riƙe shi, domin a mayar da shi inda yake. Ma'aunin da aka saba bi shi ne gaban gilashin ya yi daidai da rufin motar ko ya yi ƙasa da shi da abin da bai wuce milimita 1 ba, bayansa kuma ya yi daidai ko ya ɗara da kamar haka, domin iska ta wuce ba tare da fito ba.

Sai magudanan ruwa. Robar gilashin ba ta hana ruwa shiga ɗari bisa ɗari, an ƙera tagar ne da tire a ƙarƙashi mai ramuka a kusurwoyi, galibi huɗu, waɗanda ke kai ruwa ta bututu cikin ginshiƙan motar zuwa ƙasa. Idan suka toshe, ruwan yana malala ya jiƙa silin, ya kuma iya kaiwa ga soket da injin, ya zama sanadin mutuwar da aka fara nema tun farko. A zuba ruwa kaɗan a kowace kusurwar gaba, a duba ko ya fito a ƙarƙashin motar bayan tayoyin gaba. Idan bai fito ba, a zura siririyar igiyar nailan mai ɗan tauri a hankali. Waya mai tsini tana huda bututun, iska mai ƙarfi kuma tana iya fizge shi daga mazauninsa a cikin silin inda ido ba ya gani. Ramukan baya ba sa ganuwa da sauƙi, ana gwada su ne ta ajiye motar gabanta na kallon tudu, a zuba ruwan a bar shi ya gangara.

Daga ƙarshe a buɗe tagar a rufe sau biyu ko uku ana saurare, sannan a gwada tsaron ta hanyar sa naɗaɗɗen tawul a bakin ramin yayin rufewa da dannawa ɗaya. Idan gilashin ya taɓa tawul ɗin ya komo, na'urar ta koyi aikinta. Idan ya matse shi bai komo ba, a sake tsarin koyarwar, kuma kada a bar yara su zauna a ƙarƙashin tagar tana aiki har sai gwajin ya yi daidai.